Yadda Ake Auna Ɗan Takarar Shugaban Ƙasa da Yadda Ake Jefa Ƙuri'ar da Za Ta Shiga Lissafi

Idan aka aiko neman auren 'yarka, kafin ka ce ka bayar sai ka tura mutane unguwar su yaron. A tambayi maƙwabta, a tambayi abokan sana'arsa, idan ya taɓa aure a ji yadda ya rabu da ta farkon. Duk wannan wahalar don mutum ɗaya za ka ba amanar mutum ɗaya. Amma mu ɗin nan, idan aka zo batun wanda za a damƙa wa ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 har shekara huɗu, sau da yawa waƙa mai daɗi da fosta mai kyau sun ishe mu. Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne yadda ake yi wa ɗan takara irin wancan binciken na aure, sannan yadda ake bi da ƙuri'a tun daga karɓar kati har a ƙirga ta a gabanka. Zan riƙa kafa misali da zaɓen 25 ga Fabrairu 2023, don shi ne wanda yawancinmu muka gani da idonmu. Ina cewa "ka" don sauƙin magana, amma ke ma da ke nake, musamman ma ke.

Mataki na farko: kati

Duk gardamar da kake yi a teburin mai shayi, idan babu katin zaɓe na dindindin a aljihunka, hira ce kawai. Wanda ya cika shekara 18 zai iya yin rajista a ofishin hukumar zaɓe ta INEC na ƙaramar hukumarsa idan an buɗe rajista. Ana iya fara cike bayanai ta intanet, amma dole ka je da kanka a ɗauki hotonka da zanen yatsunka. Ranar da aka yi maka rajista ba ranar ake ba da kati ba. Takarda za a ba ka, sai daga baya ka koma ka karɓa, kuma ba a aike.

Kati ba ya tsufa. Idan kana da na 2015 ko na 2019, yana nan da ƙarfinsa, kada ka sake rajista, domin rajista biyu laifi ce kuma na'ura tana kama ta. Idan ya ɓace ko ya lalace, sauyi za ka nema. Idan aure ko aiki ko karatu ya mayar da kai wani gari, ka nemi a mayar da rajistarka rumfar da ke kusa da inda kake zaune yanzu, tun da wuri, saboda ranar zaɓe ana hana zirga-zirgar ababen hawa. Amare da yawa a nan suke rasa ƙuri'arsu: kati yana Zariya, ɗaki yana Gusau.

Abu na ƙarshe a nan, ka tabbatar da rumfarka kafin ranar. A 2021 INEC ta ƙara yawan rumfuna daga 119,974 zuwa 176,846, aka kuma mayar da wasu masu zaɓe sababbin rumfuna don rage cunkoso. Wanda bai duba ba sai ya sha layi awa biyu sannan a ce masa sunansa ba ya nan. Ana liƙa jerin sunaye a rumfa kafin zaɓe, kuma ana iya dubawa a shafin hukumar.

Majalisa takan taɓa dokar zaɓe kusan kafin kowane babban zaɓe, saboda haka idan lokaci ya matso ka kasa kunne ga sanarwar hukumar a rediyo. Abin da zan ambata na doka a ƙasa daga Dokar Zaɓe ta 2022 ne, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, da kuma tsarin mulkin 1999.

Mataki na biyu: ka san aikin kujerar

Ba a auna mutum sai an san aikin da za a ɗauke shi. Shugaban ƙasa shi ke riƙe da sojoji da 'yan sanda da jami'an tsaron farin kaya. Shi ke naɗa gwamnan Babban Banki, da amincewar majalisar dattawa, wato darajar nairar da ke aljihunka tana da alaƙa da zaɓinsa. Kwastam da iyakoki, hulɗa da ƙasashen waje, man fetur, manyan titunan tarayya irin na Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano, jami'o'in tarayya, duk nasa ne. Kuma gwamnatin tarayya ce ke ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari na kuɗin asusun tarayya, jihohi 36 su raba 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60.

Makarantar firamaren unguwarku da rufinta ya yaye, asibitin sha-ka-tafi da babu magani, kwatar da ta toshe, waɗannan na gwamna ne da shugaban ƙaramar hukuma. Sanin wannan yana da amfani ta fuska biyu. Idan ɗan takarar shugaban ƙasa ya tsaya yana yi maka alkawarin rijiyar burtsatse a ƙauyenku, ka san ko dai ya raina maka hankali ne ko bai san aikin da yake nema ba. Sannan yana hana gwamnoni fakewa da Abuja a kan abin da yake wuyansu.

Saboda haka kafin ka saurari kowa, ka zauna ka rubuta abu uku da suka fi ci maka tuwo a ƙwarya cikin ayyukan tarayya. Manomin Birnin Gwari ko Shinkafi, nasa na farko tsaro ne, a bar shi ya je gona ya dawo. Ɗan kasuwar Kantin Kwari, canjin dala da kuɗin fito. Mai ɗa a jami'a, yajin aiki da kuɗin makaranta. Da waɗannan ukun za ka auna kowa.

Mataki na uku: ka tono inda ya taɓa riƙewa

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin, kuma shi mutane suka fi yi wa ƙiwa. Da wuya a sami babban ɗan takara da bai taɓa riƙe komai ba. Dubi huɗun da suka fi ƙuri'a a 2023: Bola Tinubu ya yi gwamnan Legas daga 1999 zuwa 2007, Atiku Abubakar ya yi mataimakin shugaban ƙasa a shekarun nan takwas, har ya shugabanci majalisar sayar da kadarorin gwamnati, Peter Obi ya yi gwamnan Anambra daga 2006 zuwa 2014, Rabiu Kwankwaso ya yi gwamnan Kano sau biyu, 1999 zuwa 2003 da 2011 zuwa 2015, kuma ya yi ministan tsaro a tsakani. Kowannensu ya bar sawu, kuma sawun bai goge ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Yaya ake bin sawun? Mu Hausawa Allah ya ba mu wata dama da ba kowa ke da ita ba: babu garin da ba mu da mutum. Kana son sanin yadda wani ya mulki Legas, akwai ɗan garinku da ya shekara ashirin a Agege ko kasuwar Mile 12. Kana son labarin Anambra, akwai direban tirela da ya san hanyar Onitsha kamar tafin hannunsa. Ka kira shi. Kada ka tambaye shi wa zai zaɓa, don amsar jam'iyyarsa zai ba ka. Ka tambaye shi abin da ya gani: lokacin mutumin nan, ana biyan malaman makaranta a kan kari? 'Yan fansho suna karɓar haƙƙinsu ko suna zaman dirshan a ƙofar sakatariya? Titin da aka yi ya kai damina nawa? Baƙo mai neman abincinsa, yaya aka riƙe shi? Idan rikici ya tashi, gwamna yana zuwa wurin ko sanarwa yake aikowa? Ka tambayi mutum uku, ka tabbata ɗaya daga ciki ba masoyinsa ba ne.

Ka lura da aikin da ba a yanka masa kyalle. Gadar sama kowa yana gani, kuma ita ake ɗauka a bidiyon kamfe. Amma albashi da ke shiga ƙarshen wata, maganin da ake samu a asibiti, bashin da aka bari ko ba a bari ba, waɗannan su ke nuna mai riƙon amana. Ni a wurina, tambaya ɗaya ta fi duk sauran tona hali: yaya ya yi da wanda ya soke shi? Ɗan jaridar da ya faɗi aibinsa, yaron da ya yi rubutu a Facebook, majalisar jiha da ta ce a'a, hukuncin kotu da bai yi masa daɗi ba. Wanda ya sa aka ɗaure mai sukarsa yana riƙe da jiha ɗaya, me kake tsammani idan ya zama babban kwamandan askarawa?

Sai takardu. Tsarin mulki bai tsananta ba: ɗan ƙasa ta haihuwa, shekara 35 (da 40 ne, aka rage a 2018), ɗan jam'iyya wanda ta tsayar, da ilimin da ya kai na sakandare ko makamancinsa. Kowane ɗan takara yana cike fom mai suna EC9 bisa rantsuwa, ya faɗi shekarunsa da makarantun da ya yi da inda ya yi aiki, kuma hukumar zaɓe tana liƙa shi don jama'a su gani. Ka sa wani mai waya ya nemo muku ku karanta. Idan labarin mutum a kan shekarunsa ko karatunsa yana sauyawa daga zaɓe zuwa zaɓe, wannan ma amsa ce. Game da dukiya kuwa, doka ta ce mai riƙe da muƙami ya bayyana kadarorinsa ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, ba ta tilasta masa ya nuna wa jama'a ba. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya buga nasa a fili a 2007 ba tare da an matsa masa ba. Tun da an taɓa yi, ba laifi ba ne a tambayi mai nema yanzu ko shi ma zai yi.

Mataki na huɗu: alkawari, a tambaye shi sau uku

Kowa zai ce zai kawo tsaro, zai farfaɗo da noma, zai samar wa matasa aiki. Wannan ba manufa ba ce, gaisuwa ce. Duk alkawarin da ka ji, ka bi shi da tambaya uku: ta yaya, da wane kuɗi, zuwa yaushe? Wanda ya ce zai ɗauki ƙarin 'yan sanda, nawa a shekara, ina za a horar da su, daga ina albashinsu zai fito? Wanda ya ce zai rage haraji kuma ya ninka ayyuka kuma ba zai ci bashi ba, cinikin biri a sama yake so ku yi.

Kuma ka saurari abin da ya faɗa wanda ba ka so ji ba, don shi ya fi yiwuwa ya cika. Kafin zaɓen 2023, Tinubu da Atiku da Obi duk sun faɗa a fili cewa za su cire tallafin man fetur. Ba a ɓoye suka yi ba. Amma mu hankalinmu yana kan wa ya tara mutane a filin wasa da wa mawaƙi ya wake. Ranar 29 ga Mayu 2023, a jawabin rantsuwarsa, Tinubu ya ce tallafi ya tafi, cikin kwanaki litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, jama'a suka yi ta salati kamar ba a taɓa gaya musu ba. Tambayar da ya kamata a ce mun dame su da ita tun lokacin kamfe ita ce: idan kun cire, a lokaci ɗaya ko sannu a hankali, kuɗin da aka tara ina za su, kuma me aka tanadar wa mai tura baro kafin a cire?

Kundin manufofin jam'iyya yana da tsawo kuma da Turanci yake zuwa, na sani. Ba sai ka karanta duka ba. Ka nemo babin da ya shafi abubuwa ukun nan naka kawai. Sannan ka saurari ɗan takarar da bakinsa yana amsa tambayar da ba a shirya masa ba, a muhawara ko a hira da 'yan jarida. Sojojin baka da ke cika gidajen rediyo da dare aikinsu suke yi, an biya su, ba su za su zauna a kujerar ba.

Mataki na biyar: su wa ke bayansa

Mataimaki ba ado ba ne. 'Yar'aduwa ya rasu ranar 5 ga Mayu 2010, Goodluck Jonathan ya ƙarasa wa'adin, bayan watannin da ƙasa ta yi cikin ruɗani lokacin jinyar marigayin. A 2017 Muhammadu Buhari ya yi fiye da kwana 100 a jere yana jinya a Landan, Yemi Osinbajo ke riƙe da ƙasa. Rai da lafiya na Allah ne, amma ƙuri'arka mutum biyu take ɗauka, ka auna na biyun kamar shi ne na farko. Tambayar lafiyar ɗan takara kuma ba rashin kunya ba ce. Ko direban bas za ka ɗauka kana so ka san idonsa yana gani.

Sai kuɗi. A 2022 fom ɗin takarar shugaban ƙasa a APC naira miliyan 100 ne, a PDP miliyan 40, tun kafin a je ga daliget. Dokar 2022 ta ƙayyade abin da ɗan takara zai kashe a naira biliyan 5. Ka tambayi kanka su wa suka zuba wannan dukiya, domin kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Dubi waɗanda ke zama a layin gaba a taronsa da waɗanda ke shiga jirginsa. Daga cikinsu ministoci za su fito, su za su sami kwangila, su za su yanke wanda zai ga shugaba da wanda ba zai gan shi ba.

Mataki na shida: maganar "namu ne"

A nan zan faɗi ra'ayina, wanda ya ga dama ya saɓa. Addini da yanki suna da nauyi a zuciyar kowa, kuma ƙarya ce a ce ba a duba su. Amma su kaɗai ba su taɓa tsare kowa ba. A watan Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara, shugaban ƙasa ɗan jihar Katsina ne, a makon ma yana Daura. Mutanen Neja Delta ɗansu Jonathan ya yi shekara biyar a kan mulki, babban titin da ya ratsa yankinsu daga gabas zuwa yamma bai kammalu ba. Kuma iyayenmu sun taɓa nuna mana wata hanyar: ranar 12 ga Yuni 1993 Kanawa suka fifita Moshood Abiola, mutumin Abeokuta, a kan ɗansu Bashir Tofa.

Tsarin mulkin kansa bai yarda yanki ɗaya ya naɗa shugaba ba. Bayan rinjayen ƙuri'u, sai mutum ya sami aƙalla kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu cikin uku na jihohi, wato 24. Tun 1979 ake rigima a kan wannan lissafi, kuma a kan Kano aka fara: Shehu Shagari ya sami kashi ɗaya cikin huɗu a jihohi 12 daga cikin 19, a Kano inda Malam Aminu Kano ya mamaye bai kai kashi 20 ba, sai da Kotun Ƙoli ta raba gardamar. Abin nufi, wanda zai ci dole ya nemi wasu, kuma wanda zai mulka dole ya iya zama da wasu. Ɗan takarar da duk jarinsa shi ne tsoratar da kai da wata ƙabila ko wani addini, ka tambaye shi me zai yi maka bayan tsoron.

Idan malaminka ko limaminku ya nuna wani, ka girmama shi, ka nemi jin dalilinsa, ka ɗora dalilin a kan sikelin nan guda. Shi ma ƙuri'a ɗaya gare shi.

Mataki na bakwai: tace abin da waya ta kawo

Wannan gajere ne. Muryar da aka turo a WhatsApp babu suna babu rana, bidiyon daƙiƙa goma da aka yanke daga jawabin awa guda, hoton da ba ka san inda aka ɗauka ba, kada ka gina hukunci a kansu kuma kada ka tura gaba. A 2018 an yaɗa cewa Buhari ya mutu an kawo wani Jubril daga Sudan yana zaune a madadinsa, har sai da ya fito da kansa ya ƙaryata, kuma masu ilimi da yawa sun yarda da jita-jitar. Yanzu da na'ura ke iya kwaikwayon murya da fuskar mutum, abin ya fi haka. Ka jira ka ji ko wata kafa da ke da ofishi da suna, wadda za a iya kai ta kotu, ta ɗauki labarin.

Mataki na takwas: ranar zaɓe

Tun daren jajibiri ka yanke shawara, kuma ka haddace alamar jam'iyyar wanda ka zaɓa. Takardar ƙuri'a ba ta ɗauke da sunan ɗan takara ko hotonsa, tambarin jam'iyya ne da haruffanta, kuma a 2023 jam'iyyu 18 ne a jere, wasu haruffansu sun yi kama. 'Yan siyasa suna sauya sheƙa, jam'iyyu ma suna sauya tambari, saboda haka kada ka dogara da na zaɓen baya. Tsofaffin gida da waɗanda ba su yi boko ba, a nuna musu samfurin takardar tun a gida, a bar su da zaɓinsu.

Ka karya da wuri, ka ɗauki kati da ruwan sha, ka bar duk hula ko riga mai alamar jam'iyya a gida. An hana kamfe a kusa da rumfa, an ma rufe shi tun awa 24 kafin ranar. Ana buɗewa da ƙarfe 8:30 na safe, a rufe layi 2:30 na rana, amma duk wanda ke kan layi kafin lokacin sai ya jefa ko da dare zai yi. Tsofaffi, masu juna biyu, masu goyo da masu buƙata ta musamman ana ba su gaba. Makaho yana da damar zuwa da wanda ya amince da shi.

Idan layi ya zo kanka, za a duba katinka, a tantance ka da na'urar BVAS ta yatsa ko ta fuska. Idan yatsa ya ƙi, kamar yadda yake faruwa da manoma da masu wanki da matan da suka sha lalle, fuska ta wadatar. Za a yi alama a sunanka a rajista, a shafa maka tawada a gefen farce, sannan malamin zaɓe ya miƙo takardu. A nan ka tsaya: juya bayan kowace takarda ka ga an buga hatimi, an sa hannu, an rubuta kwanan wata. Kada ka raina wannan. A shari'ar zaɓen gwamnan Kano na 2023, kotun sauraren ƙararraki ta soke ƙuri'u 165,663 a kan cewa babu hatimi ko sa hannu a jikinsu, hukuncin da ya so ya juya sakamakon gaba ɗaya, sai a Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta maido da su. Idan taka babu, ka miƙa a gyara kafin ka matsa.

A cikin ɗan keɓantaccen wurin dangwale ba a shiga da waya. Ka taɓa tawada kaɗan, kada ka jiƙa yatsa sharkaf, ka dangwala sau ɗaya a cikin akwatin da ke gefen tambarin, kada ya tsallaka layi. Ka ɗan jira ta sha iska, sannan ka naɗe takardar a tsaye yadda tawada ba za ta taɓa gidan wata jam'iyya ba. Idan ka yi kuskure kafin ka jefa, kana iya mayar wa malamin zaɓe ya soke ta ya ba ka wata. A 2023 ƙuri'u fiye da 900,000 aka jefar a matsayin lalatattu, kusan rabin tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu. Mutanen nan duk sun sha rana a layi.

Takarda uku za a ba ka ranar, ta shugaban ƙasa, ta sanata, ta ɗan majalisar wakilai, kowace da akwatinta. Babu dokar da ta ce sai ka yi "sak". Majalisar nan ita ke amincewa da kasafin kuɗi da bashi da ministoci, kuma guguwar sak ta sha kai mutanen da ko a unguwarsu ba za su ci kansila ba.

Mataki na tara: mai taliya da mai ambulan

Za su zo, ko da daddare gida-gida da atamfa da sabulu da taliya, ko a bayan rumfa da 'yan dubu-dubu. Yi lissafi da kanka: naira 5,000 a raba ta a kwanakin shekara huɗu, ba ta kai naira huɗu a rana ba. Dokar 2022 kuma ba mai bayarwa kaɗai ta kama ba, har mai karɓa: tarar da za ta iya kai naira 500,000, ko ɗaurin wata 12, ko duka biyun. Akwai masu cewa a karɓa a zaɓi wanda ake so, ai kuɗinmu ne. Na fahimci yunwar da ke sa a faɗi haka, ba na kuma zagin wanda ya kwana bai ci ba. Amma masu rabon ba yara ba ne, shi ya sa suke cewa ka ɗaga takarda a gani ko ka rantse. Kuma unguwar da aka san farashinta, an gama biyanta tun ranar zaɓe. Wanda ya ce ka ba shi katinka ko lambar da ke jikinsa don a sa ka a jerin masu tallafi, kada ka bayar.

Mata su aka fi nufa da wannan rabon, don su suka fi cika layi. Matan Arewa ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai 1976, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri da duka a kanta. Maigida, aikinka ka ba da izinin fita ka kuma tabbatar an je lafiya an dawo lafiya. Abin da za ta dangwala nata ne.

Mataki na goma: a kasa, a tsare, a raka

Bayan ka jefa kana da damar komawa gefe ka jira cikin natsuwa. Idan an gama, a gaban kowa ake zazzage akwati, a ware, a ƙirga da babbar murya. Ka riƙe lamba biyu a ka: mutum nawa na'ura ta tantance, ƙuri'a nawa aka samu a akwati. Idan ƙuri'u suka fi waɗanda aka tantance, aringizo ke nan, kuma soke rumfar ake yi baki ɗaya. Wato wanda ya zo zai cusa muku ƙuri'u "don a taimaki namu", ƙuri'unku na halal yake shirin ƙonawa. Wakilin jam'iyya yana da damar neman a sake ƙirga sau ɗaya.

Za a rubuta sakamako a fom EC8A, malamin zaɓe da wakilan jam'iyyu su sa hannu, a ba kowane wakili kwafi, a liƙa na jama'a a bango, a ɗauki hoton fom ɗin da BVAS don a ɗora a IReV, shafin intanet da hukumar zaɓe ke nuna sakamakon kowace rumfa. Yanzu wayarka ta yi rana: ɗauki hoton wanda aka liƙa, lambar rumfa ta fito sosai. A 2023 sakamakon shugaban ƙasa bai hau shafin a kan lokaci ba, hukumar ta ce tangarɗar na'ura ce, kuma wannan ya zama babban abin jayayya har kotu. A irin wannan hali hoton da mutanen rumfa suka ɗauka shi ake gwadawa da abin da ya bayyana daga baya. Daga rumfa sakamako yana tafiya mazaɓa, ƙaramar hukuma, jiha, sannan Abuja, inda shugaban hukumar kaɗai ke da ikon bayyana wanda ya ci. Rakiyar aikin wakilai ne da masu sa ido. Kai kada ka yaɗa alƙaluman da ba ka gani da idonka ba.

Malaman zaɓen nan yawancinsu matasa ne masu yi wa ƙasa hidima, 'ya'yan wasu ne da aka turo garinku amana. Bayan zaɓen 2011 an kashe mutum fiye da 800 a rikicin da ya ɓarke a Arewa, har da masu hidimar ƙasa a Bauchi, kuma sakamakon bai sauya da ƙuri'a ɗaya ba. Wanda bai yarda da sakamako ba yana da kwana 21 ya shigar da ƙara. Ta shugaban ƙasa a Kotun Ɗaukaka Ƙara ake fara ta, a yanke cikin kwana 180, sannan Kotun Ƙoli cikin kwana 60.

Ga masu cewa an riga an rubuta sakamako, fita wahala ce: a 2015 shugaba mai ci ya faɗi, Jonathan ya kira Buhari ya taya shi murna tun kafin a gama sanarwa. A 2023 kuwa mutum miliyan 93.4 ke da rajista, kusan miliyan 25 suka fito, wanda ya ci ya sami 8,794,726, bai kai ɗaya cikin goma na masu rajista ba. Rumfar da mutane suka ƙaurace wa ta fi sauƙin murɗewa, don babu mai tsayawa a ƙirga.

Idan ka koma gida, takardar nan da ka rubuta abubuwa uku a kai, ka ƙara a ƙasanta abin da wanda ya ci ya ce zai yi a kan kowannensu, da ranar da ya faɗa. Ka naɗe ta tare da katin ka sa a inda kake ajiye takardar fili. Idan ya dawo neman tazarce, da ita za ka fara mataki na uku.